Abin da wani shagon gyaran takalma a Mancesta ya tuna mini

Makon jiya na kai takalmina wani shagon Timpson a nan Mancesta, ɗan ƙaramin shago mai faɗin ɗaki guda, makullai rataye a bango sahu-sahu, injin yankan makulli yana ta ƙara, warin gam da fata ya cika wurin. A bakin ƙofa an kafa allo da ke cewa duk wanda ba shi da aiki kuma aka kira shi ganawar neman aiki, ya kawo kayansa a wanke masa kyauta. Ma'aikacin ya liƙe mini dunduniyar takalmin, da na miƙa kuɗi sai ya ƙi karɓa, ya nuna mini akwatin sadaka.

Tun 1865 aka kafa kamfanin a wannan gari, kuma ya yi suna wajen ɗaukar waɗanda suka fito daga gidan yari aiki, har ana damƙa musu makullin shago da akwatin kuɗi. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta naɗa shugabansa, James Timpson, ministan gidajen yari. Na yaba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne da na ba wani abokin aikina labarin, sai ya ce irin wannan ne ya kamata 'yan kasuwar Afirka su zo su koya. To wa ya koya wa Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ba dillalansa jari bisa amana su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa? Wa ya koya wa iyayen gida a Kantin Kwari su riƙe yaro shekara da shekaru, su yi masa aure, sannan su sallame shi da jarinsa? Na san akwai masu tauye mudu da masu cinye guminka a gida, amma su ma nan ba su rasa nasu ba. Bambancin kawai, nasu na kirki ana rubuta tarihinsu ana koyarwa a jami'a, namu kuwa sai a wurin ta'aziyya ake ambatonsu.

Ubangidan mahaifina, wanda ya ba shi dila biyu na atamfa ba tare da rubuta ko sisi ba, yana nan da ransa a Fagge, ya tsufa ƙwarai. Shekara shida ke nan rabona da in durƙusa in gaishe shi. Na ce wa ƙanena ya je da waya ranar Juma'a ya naɗo mini muryarsa.