Kun wuce batun Playtime da sauri

Na ji daɗin rahotonku kan rayuwar Jacques Tati, mai shirya finafinan barkwanci na ƙasar Faransa, amma kun taɓo fim ɗinsa Playtime a layi ɗaya kun wuce, alhali nan ne ciwon mutumin yake. Gari guda ya gina a gefen birnin Faris, da tituna da dogayen gine-gine, don ɗaukar wannan fim kaɗai. Da ya fito a 1967 jama'a ba su cika sinima ba, bashi ya yi masa katutu, har ya rasa haƙƙin mallakar finafinansa na baya. Abin yana taɓa ni ƙwarai.

Ni fim ɗinsa Mon Oncle na fara gani, na 1958, wanda ya ci kyautar Oscar. Ba na jin Faransanci ko kaɗan, kuma babu abin da ya wuce ni. Akwai matar gida mai kifin ƙarfe da ke fesa ruwa a tsakar gidanta. Da an danna ƙararrawa sai ta ruga ta kunna shi, in ta ga ba babban baƙo ba ne ta kashe. Wallahi na san gidaje irin wannan. Shi kuwa Hulot, jarumin fim ɗin wanda Tati da kansa ya fito a matsayinsa, dogo da lofe a baki da ɗangalallen wando, da ƙyar yake furta kalma, tafiyarsa kaɗai ta isa ta sa ka dariya.