Kaka, uwa, jika: irin labarin da ba na gajiya da shi

Tun ina aji biyu na sakandare nake hayar littattafan Hausa a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar unguwarmu, ka karɓa yau ka mayar jibi. Na soyayya kam na karanta su ba adadi, kuma har gobe ba na raina su, domin su suka zaunar wa da yawanmu karatun Hausa a baki. Sai dai da girma ya fara zuwa na lura akwai nau'in labari guda da in na buɗe ba na ajiyewa sai na ga bayansa. Shi ne wanda zai ɗauko mace tun tana yarinya a zamanin da, ya bi ta har furfura, ya gangaro kan 'yarta, daga nan ya sauka kan jikarta. Gida ɗaya, mata uku ko huɗu, shekara saba'in ko tamanin.

Da zarar an ce jarumar mace a tarihinmu, hankalin kowa sai ya tafi ga Sarauniya Amina ta Zazzau bisa doki, ko Daurama, ko Sarauniya Mangu ta garin Lugu a ƙasar Dogon Dutse, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa a 1899. Ina alfahari da su, kuma ina karanta duk abin da aka rubuta a kansu. Amma jarumtar da ke sa ni ajiye littafi a cinya in yi shiru, irin ta kakata ce, wadda muke ce wa Iya.

Iya, Allah Ya jiƙanta, ba ta ƙirga shekaru da lamba. Da abin da ya faru take ƙirgawa. Ta ce an kai ta ɗakin miji shekarar 'yar Gusau, wato yunwar 1942, tana 'yar sha huɗu. Da yunwar muda ta zo, wajen 1953 zuwa 1954, 'ya'yanta uku, maigida ya tafi cin rani ba aike ba saƙo, rumbu kuma ya koma wurin kwanan ɓeraye. Tana cikin kulle, ba ta fita. Da mazari ta riƙe gidan nan. Ta gurje auduga, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsa ta yi ta kaɗi har fitilar aci-balbal ta mutu, ranar kasuwa yaro ya kai zaren wa masaƙa ya dawo da 'yan aninai da sisi. A sayo dusa, a yi kwaɗon tafasa da rama, a ba yara, ita ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi. Ba wanda ya yi mata kirari, ba marokin da ya san sunanta.

To ga inda labarin mace ɗaya ba ya isa. Iyar nan dai, ita ce ta cire mahaifiyata daga firamare tana aji huɗu ta aurar da ita, duk da malaminsu ya zo har zaure yana roƙo. Mahaifiyata ta daɗe da wannan tabon a zuciya, na girma ina jin ɗacinsa a muryarta duk lokacin da aka ambaci makaranta. Da a ce marubuci zai ɗauki rayuwar mahaifiyata ita kaɗai, Iya za ta fito muguwar tsohuwa mai taurin kai. Da kuma zai ɗauki ta Iya ita kaɗai, sai ta fito waliyyiya. Sai ka jera su biyun a littafi ɗaya za ka gane cewa matar da ta ga yara suna lasar turmi ba ta yarda da allo da alli su ciyar da mutum ba. Abin da ta yarda da shi gidan da ke da hatsi a rumbu. Ta cuci 'yarta, kuma don tsoron kada 'yar ta ɗanɗani abin da ta ɗanɗana ta yi hakan. Duka biyun gaskiya ne, kuma irin wannan labarin ne kawai ke da faɗin da zai ɗauke su tare.

Sannan zaren ya ci gaba. Lokacin da kuɗin jarrabawata ta ƙarshe ya gagara, mahaifiyata ta sauko da kwallayenta daga jere, waɗanda Iya ta yi shekaru tana zubin adashi ta tara mata, ta ba dillaliya. Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ce kwanoni ne kawai. Mu mun san jeren nan shi ne bankin mace, shi ne mutuncinta a idon kishiya da dangin miji. Kayan da aka saya don a aurar da ita da wuri, su ta sayar don kada a cire ni daga makaranta.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga yadda wasu marubutanmu ke fassara ƙarfin mace. Ko dai a ba mu mai kuka daga shafin farko zuwa na ɗari uku, ana dukanta ana zaginta, ita kuma haƙuri, har wani attajiri ya faɗo daga sama ya share mata hawaye. Ko kuma a ba mu mai marin kowa, wadda ba ta ragawa ko surukarta, a ce wai ita ce wayayya. Matan da na sani ba haka suke ba. Sun san lokacin kawaici, sun san lokacin yaji, sun san sharaɗin da za su gindaya in an zo biko. Akwai wadda ta kashe aurenta da kanta a gaban alƙali, ta yi zawarci tana tuyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, ta aurar da 'ya'ya biyar ba ta roƙi kowa ba.

Wani abin kuma, a riƙa kula da zamani. In labari yana cikin shekarun dalar gyaɗa a Kano, kada a sa mace ta ƙirga naira, domin naira sai 1973 ta zo, kafin nan fam ne da sule da kwabo. Ƙaramin abu ne, amma yana fitar da ni daga labari nan take.

Kuma wallahi abin rubutawa ya yi mana yawa. A 1903, bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, dubban mutane suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Aka yi yaƙin Burmi, waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. A cikin ayarin nan akwai masu ciki, akwai masu goyo, akwai wadda ta binne ɗa a hanya ta miƙe ta ɗau kaya. Wa zai rubuta mana wannan matar, da 'yarta da aka haifa a hanya, da jikarta da ke jin Larabci fiye da Hausa? Ga 'yan taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864: jaji, wato shugabar tawagar, ta ɗora malfa a ka, ta ja tsofaffi da 'yan mata ƙanana daga ƙauye su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da matan aure da waƙoƙin da suka haddace. Ga zamanin Hajiya Gambo Sawaba da jam'iyyar NEPU, ana kulle ta a kurkuku tana fitowa tana ci gaba, alhali matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Ni ba ma rayuwar manyan nake nema ba. Maƙwabciyarsu nake so, wadda ta leƙo ta katanga ta ga abin yana faruwa, ta koma ta ci gaba da dakanta da wani tunani sabo a ranta.

Har mai ba da labari ma mun taɓa samu. Baba ta Karo, tsohuwar da ta zauna da Baturiya Mary Smith, wadda ta rubuta labarinta, a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta zayyana aure da riƙo da ƙawance da harin masu kamun bayi kamar yadda ta gani da idonta. Tsofaffi irinta suna nan a gidajenmu, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Makon jiya na zauna da mahaifiyata na kunna rikoda a wayata. Ita 'yar fari ce, don haka Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, ko kallonta ba ta cika yi ba a gaban mutane. Na ce, "Umma, to da me take kiranki?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Yarinyar nan." Ta ce ko a ciwon ajali, lokacin da Iya ba ta gane kowa, in an miƙa mata kunu sai ta kau da kai ta ce a kira mata yarinyar nan ta ba ta. A lokacin Umma tana da jikoki shida.