Mun biya kuɗin makaranta, amma wa ke leƙa ajin?

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je taron iyaye da malamai na ajin ɗiyata. Tana aji uku na firamare a wata makarantar kuɗi a nan cikin Katsina, irin waɗanda ke haɗa manhajar Cambridge ta Ingila da tamu ta Najeriya. Maza uku ne kacal muka je. Sauran duk iyaye mata ne, sai yayye biyu da aka turo, sai wani direba da ya tsaya bakin ƙofa yana jira a ba shi takardar sakamako ya kai gida. Ni ma ba don na fi kowa kula na je ba. Uwargida ce ke jego, ba don haka ba da ita za ta je kamar yadda ta saba shekara uku a jere. Tun da na dawo abin yake cina, shi ya sa na ce bari in yi magana da 'yan uwana iyaye maza.

Ajin bai yi kama da wanda muka zauna muna yara ba. Babu bencina a jere suna kallon allo. Tebura ne aka harhaɗa, yara huɗu ko biyar suna fuskantar juna. A gefe guda an shimfiɗa darduma da akwatin ƙananan littattafai. A bakin taga an jera gorunan ruwa da aka yanke, kowane da sunan yaro, an shuka wake a ciki, suna auna tsawonsa da rula kowace safiya su rubuta. Wata uku ɗiyata tana ba ni labarin “wakena ya fito”, ina cewa madalla, ban taɓa tambayarta wane wake ba.

Da layi ya zo kaina, malamar ta buɗe wani ɗan littafi mai shuɗin bango. Kullum ana sa shi a jakar yarinyar tare da littafin labari, a saurari karatunta minti goma sha biyar a gida, wanda ya saurara ya sa hannu. Ta juya shafukan a gabana. Hannun mahaifiyarta ne har zuwa watan da cikinta ya tsufa, daga nan sai hannun malamin lesin. Ta ce, “Alhaji, yarinyarka tana da ƙoƙari, amma ta daina tambaya a aji. Wa take ba labarin abin da ta karanta idan ta koma gida?” Na rasa amsar da zan ba ta.

Ga abin da na fahimta tun daga ranar. Wannan tsarin karatu da muke rububi, ko na Cambridge ne da ke ɗaukar yaro daga shekara biyar zuwa sha ɗaya, ko na IB, wato International Baccalaureate, ko na Montessori, an gina shi ne bisa zaton akwai babba a gida da zai zauna da yaron. Shi ya sa aikin gidansu ba kwafar shafi ba ne. Za a ce ka tambayi kakarka wasan da suke yi suna yara, ka auna faɗin ƙofar ɗakinku da taku, ka zo da wani abu daga gida ka yi wa 'yan ajinku bayaninsa. Malamin lesin ba zai iya wannan ba, don bai san kakar ba, kuma sauri yake ya wuce gida na gaba. Mun ɗauko sunan tsarin da rigarsa da tsadarsa, mun bar rabin da ya rataya a wuyanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa shiga ajin boko ba, amma bayan sallar asuba sai ya zaunar da mu a zaure kowa ya biya allonsa. Ya san wanda ya wanke, ya san wanda ya kwana uku a aya ɗaya. Shi da kansa yake miƙa wa malam kuɗin Laraba, su gaisa, ya tambaya yaya yaran. Har yau idan ka tambayi uba a garin nan izu nawa ɗansa ya kai a Islamiyya, galibi zai faɗa maka ba tare da tunani ba. Tambaye shi sunan malamar ajin yaron a boko, sai ya ce bari ya kira gida. Yaushe muka yanke cewa ɗaya karatun namu ne, ɗayan kuma na mata da direba?

Na san uzurin da ake kawowa, don ni ma na kawo shi. Kasuwa, ofis, tafiyar Kano ko Abuja, neman kuɗin makarantar kansa da ke ƙaruwa kusan kowace shekara. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma sau uku ne fa a shekara, ƙarshen kowane zango. Muna samun lokacin ɗaurin aure a Funtua da gaisuwar rasuwa a Daura, kuma ya kamata mu samu. Zuwa da kai ya fi saƙo, mu muke faɗa.

Uzuri na biyu ya fi nauyi: “Ni ban iya irin Turancinsu ba, kar in ɓata mata.” Wannan na fahimce shi. Lokacin da ɗiyata take nazare na taɓa ganinta tana nuna harafin S tana cewa “sss” tana lanƙwasa hannu kamar maciji, na gyara mata na ce sunansa “es”. Ta yi kuka ta ce Anti ba haka ta ce ba. Daga baya na gane hanyar Jolly Phonics ce, wadda ke fara koya wa yaro sautuka 42 na Turanci kafin sunayen haruffa, ana farawa da s, a, t, i, p, n. Ita ce da gaskiya. Amma maganin wannan ai tambayar malama ne, minti biyar ta isa. Ni kuwa sai na janye gaba ɗaya, na ce su ƙarata da uwarta.

Kuma wa ya ce sai da Turanci ake taimakon yaro? A 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi ɗaya. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Yaron da ya iya ba da labari daga farko har ƙarshe da harshen uwarsa, ya iya cewa “saboda me” da “da a ce”, shi ke saurin yin haka da wani harshe. Don haka idan ɗiyarka ta karanta maka labarinta da Turanci, ce mata ta maimaita maka da Hausa. A nan za ka san ta gane ko haddacewa ta yi. Ina jin takaici idan na shiga gida a GRA ko Kofar Kaura na tarar an hana yara Hausa wai don Turancinsu ya goge, kaka ta zo daga ƙauye jikanta ya kasa amsa “ina kwana”.

Makarantun ma ba zan ƙyale su ba. Taron nan da Turanci aka yi shi tun daga buɗewa har rufewa. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da ta zo tun kafin lokaci, ta zauna shiru awa biyu, da aka tashi ta ja ni gefe ta ce, “Don Allah ɗan uwa, me suka ce game da jarrabawar?” Ita ce ta fi kowa damuwa, ita aka bari a waje. Me zai hana a sa malami ɗaya ya riƙa fassarawa? Sannan zauren WhatsApp na iyayen aji ya koma wurin sanarwar kuɗi: na ranar al'adu, na bikin yaye 'yan nazare da rigar digiri, na yawon buɗe ido. Idan sai za a karɓi abu ake tuna iyaye, kar a yi mamaki idan sun ɗauki kansu masu saye, suna zuwa ne kawai idan an taɓa musu yaro ko don su ji na nawa ya zo. A makarantar ɗiyata ba a ma rubuta na ɗaya da na biyu, kuma na ji wani uba yana faɗa a kan haka, bai ko buɗe fayil ɗin aikin ɗansa ba.

Aikin da aka ba su na wannan zangon shi ne “garinmu”. Ranar Asabar na ajiye waya na ɗauki ɗiyata. Muka je hasumiyar Gobarau, ta ɗaga kai tana mamakin yadda ginin ƙasa ya kai haka. Muka wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu ta zama gidan tarihi, na ce mata a nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ta ce, “Abba, su ma babansu yana zuwa ganin ajinsu?” Tambayoyi dai har muka iso gida ba ta tsaya ba, wannan yarinyar da aka ce ta daina tambaya.

Da daddare ta zauna wajen mahaifiyata tana rubuta sunayen ƙofofin gari, Hajiya na lissafa mata: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka. Ranar Litinin na kai ta da kaina, na roƙi malamar ko za ta bari Hajiya ta zo ta yi wa 'yan ajin tatsuniya. Ta ce ai abin da take nema ke nan tun farkon shekara, babu wanda ya amsa. Da na gaya wa Hajiya ta ce za ta je, amma a faɗa musu da Hausa za ta yi, kuma a kan darduma za ta zauna. An sa ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya, ni zan kai ta.