Tsufan kyanwa a Liyon da a Maradi

Shekara tara ke nan ina zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma a watan da ya gabata na rasa wata kyanwa da ta shekara uku a ɗakina. Asalinta ta wata dattijuwa ce maƙwabciyata, wadda ƴaƴanta suka kai gidan kula da tsofaffi, gidan kuwa bai karɓi dabba ba. Ranar da za ta tafi ta miƙo mini kyanwar da littafin rigakafinta, ta ce shekarunta 14. Ban iya riƙe sunan da take kiranta da shi ba, sai na riƙa ce mata Mussa, kamar yadda muke kiran kowace kyanwa a gida. Ta mutu tana da shekara 17, kuma jinyarta ta tilasta mini sake duban yadda muke yi wa tsohuwar kyanwa a Maradi.

A gidanmu na unguwar Bagalam ba a taɓa rasa kyanwa ba, kuma ba wanda ya taɓa sayen ta. Ita take kawo kanta, ta zauna kusa da ɗakin da ake ajiye hatsi da gyaɗa, ta hana ɓera sakat, a sāka mata da kan kifi da sauran tuwo. Muna da tarbiyya a kanta tun daga makarantar allo, domin kowane yaro ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Mun san dalilin da ya sa ake kiran sahabin nan Abu Huraira, mun kuma san cewa ruwan da kyanwa ta sha ba ya zama najasa. Duk wannan yana aiki muddin kyanwar tana da ƙarfi. Da zarar ta tsufa ta rame, ta daina kamu, ta fara fitsari a kan tabarma, sai gidaje da yawa su sa ta cikin buhu, a ba yara su kai ta bakin Gulbi su saki. Ina da shekara 12 na ɗauki irin wannan buhu na wani gida da ke kusa da namu, kuma har yau ina tuna cewa ba ta yi ko motsin kirki a cikinsa ba, saboda ba ta da ƙarfin yi. Mun buɗe mata bakin buhun a kan rairayi, ta fito ta zauna tana kallonmu, muka juyo. A ganina yasar da dabbar da ba ta iya farauta bai da nisa da kulle ta, tun da ƙarshen duka biyun yunwa ce da ƙishirwa.

Akwai kuma zargi, wanda ya fi rashin kulawa muni. Tsohuwar kyanwa takan yi wani irin kuka mai tsawo cikin dare, sai a ce ba kyanwa ba ce, aljani ne ko maye ya rikiɗa, musamman in baƙa ce. Mussa ta yi irin wannan kuka a shekararta ta ƙarshe, kuma likitan dabbobi ya bayyana mini cewa kurumcewa, da hawan jini, da ruɗewar tsufa duk suna kawo shi. Dabbar da ta farka cikin duhu ba ta ji sosai ba ta gani sosai tana neman wanda zai tanka mata ne. Da na miƙa hannu na taɓa ta sai ta yi shiru.

Liyon gari ne mai tarihi a wannan fanni, domin a nan Claude Bourgelat ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a 1761, kuma tun 2015 dokar Faransa ta amince cewa dabbobi rayayyu ne masu jin zafi da daɗi. Abin da na fi amfana da shi a wurin likitocin dabbobin garin shi ne sanin alamomin ciwo. Mussa ta fara shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, tana ramewa duk da tana cin abinci, bakinta yana wari. Gwajin jini ya nuna ciwon ƙoda, wanda yake cikin cututtukan da suka fi kama tsofaffin kyanwoyi. Ƙodar da ta gaji ba ta iya riƙe ruwa a jiki, saboda haka dabbar tana sha tana zubarwa, jikinta yana bushewa, dattin da ya kamata ya fita yana taruwa a jini ya sa mata tashin zuciya. Likitan ya nuna mini yadda ake ɗan jan fatar bayan wuyanta: in ta koma nan take akwai ruwa a jiki, in ta tsaya a tsaye to ta bushe. Ya sa ta kan abinci mai ƙarancin sinadarin fosfaras, ya koya mini yi mata ƙarin ruwa da allura a ƙarƙashin fata, ya kuma faɗa mini tun farko cewa wannan ba ya warkarwa, jinkirta lalacewar kawai yake yi. Shi ne kuma ya fahimtar da ni cewa kyanwa tana ɓoye ciwo. In ta daina hawa taga, ta daina lasar jikinta har gashinta ya cukurkuɗe, ciwon gaɓoɓi ne ya hana ta, mu kuwa a gida sai mu ce ta zama malalaciya ko ƙazama.

Ba zan ce mutanen Maradi su kwaikwayi kashe kuɗin da ake yi a nan ba. Gwajin jini ɗaya ya ci mini kusan yuro 100, wato sefa jika 65 da ɗoriya, abin da ya zarce kuɗin buhun hatsi. Magidancin da ke lissafin cefanen gobe ba zai yi haka ba, kuma bai kamata a zarge shi ba. Malaman dabbobinmu ma hankalinsu yana kan shanu da tumaki da jar akuyar Maradi, waɗanda su ne dukiyar talaka, kuma daidai ne ya kasance haka. Amma mafi yawan abin da ya sauƙaƙa wa Mussa bai buƙaci ko dala ba. A ajiye ruwa mai tsabta a kasko biyu ko uku a wuraren da za ta kai ba tare da tsalle ba, a bar mata inuwa kusa da randa a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, a shimfiɗa mata tsumma a lungu lokacin hunturu, a zuba mata rairayi a tire mai gajeren baki kusa da makwancinta domin kada ta ɓata tabarma. Abincinta ya zama mai taushi, kamar dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ba tare da miya ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Abin da na fi so kowa ya riƙe shi ne maganar farasitamol. Mai tausayi zai iya sayo shi wajen mai tebur ya jiƙa mata, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Faransa ma tana da nata giɓin, kuma a ɗakina na gan shi. Ina fita aiki da safe in dawo bayan awa goma, Mussa tana kulle ita kaɗai a hawa na huɗu, ba mai leƙa ta. Gidan Maradi kuwa ba ya zama kango ko da rana tsaka, akwai mai daka, akwai mai wanki, akwai tsohuwar da ke zaune a ƙofar ɗakinta, kuma dabbar da ke jinya tana jin motsin mutane a kusa da ita. Ban da haka, a nan ma ana yasar da dabbobi, musamman lokacin dogon hutun Yuli da Agusta, har gidajen da ke karɓar su su cika. Na kuma ga masu jan jinyar dabba da tiyata bayan tiyata saboda su ne ba sa iya rabuwa da ita, ita kuwa wahala kawai take ƙara sha.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne allurar ƙarshe. Da Mussa ta daina cin abinci, likitan ya ce lokaci ya yi da zan yi tunanin a yi mata allurar da za ta sa ta barci zuciyarta ta tsaya. A nan ana ɗaukar haka a matsayin jinƙai, ni kuwa na tashi ne a kan cewa rai na Allah ne. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce in ciwon ya tabbata kuma babu magani to hutar da ita kyautatawa ne, ɗayan ya ce in ci gaba da kula da ita in bar ta ga Mai ita. Na tsayar da shawara cewa zan riƙa ba ta maganin rage zafi da likita ya rubuta, amma in ta fara jijjiga ko numfashi ya gagare ta, zan kai ta a yi mata, domin ban ga yadda zan zauna ina kallon wahalarta saboda in kwantar da tawa zuciyar ba. Ba na zargin wanda ya zaɓi ɗayan hanyoyin biyu, muddin dabbar ya duba.

Ba a kai ga haka ba. Na ɗauki hutun kwana uku na zauna da ita, ta cika kafin asuba ta kwana na biyu, a kan wata tsohuwar rigata da ta saba kwanciya a kai. Ba ni da fili ko taki ɗaya a wannan gari, dole na miƙa gawarta ga asibitin aka ƙona, kuma hakan bai yi mini daɗi ba, domin a gida da na haƙa mata rami a gindin dogon yaro.

Da gari ya waye na kira Inna na faɗa mata. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, “Kai wannan yaro, ka ba ta ruwa kafin ta cika?” Na ce na riƙa jiƙa auduga ina ɗiga mata a baki har cikin dare. Ta ce to madalla, sannan ta gaya mini cewa tata mussar ma ta fara kukan dare, kuma tun makon jiya ta mayar da kaskonta cikin ɗaki, kusa da gadonta.