Kallon Ƙwallo a Tsakiyar Ruwa

Ni Bakano ne, kuma tsakanina da ruwa akwai yarjejeniya tun ina yaro: in sha, in yi alwala, in yi wanka, kowa ya kama gabansa. Ko dam ɗin Tiga da aka kai mu yawon makaranta, daga cikin mota na gaishe shi. Shi ya sa da Yaya, ɗan kawuna da ke aikin ƙera jiragen ruwa a Marghera, ya ce ya saya mini tikitin wasan Venezia, ƙungiyar ƙwallon birnin Venice na Italiya da ke zaune a kan ruwa, tambayata ta farko ita ce wace mota ake hawa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, mota iyakarta Piazzale Roma. Filin yana tsibirin Sant'Elena, can ƙarshen gari. Jirgin ruwa za ka shiga, shi ne adaidaita sahunsu." Shi aiki gare shi ran nan, sai ya rubuta mini a takarda: jirgi mai lamba 1, a sauka Sant'Elena, a tafi da fasfo domin suna ne a jikin tikiti. Abin da bai duba ba shi ne wuyana. Saboda sanyi na naɗa wani ƙyallen ulu, ja da fari, da na saya da araha a kasuwar Padova.

Vaporetto suke ce wa jirgin. Na nemi kujerar tsakiya, na ƙura wa takalmina ido. Turawa na ɗaukar hoton gadar Rialto, ni ina ta maimaita addu'ar tafiya. Da muka wuce San Marco ruwa ya buɗe, jirgi ya soma rangaji, sai na runtse ido. Na ji an tsaya, na ji masu waƙa sun fita da hayaniyarsu, na ce ba ruwana. Da na buɗe ido sai ga motoci suna wucewa a kan kwalta. Har na yi hamdala, ashe Lido ne, na zarce da tasha guda. Ruwan da na tsallake ido rufe, dole na sake tsallake shi, wannan karon ido buɗe kamar na mujiya.

Filin, Pier Luigi Penzo, sunan wani matuƙin jirgin sama ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun 1913 ake buga ƙwallo a cikinsa, kuma a filayen manyan ƙungiyoyin Italiya na Genoa ne kaɗai ya girme shi. Bai kai filin Sani Abacha na Ƙofar Mata girma ba. Bayan raga kujerun a kan ƙarafa suke, in aka yi tsalle har hanjinka sai ya ji. Ka ɗaga kai, ga hasumiyar coci, ga sandunan jiragen ruwa suna leƙen wasa kyauta.

Tikitina na Curva Sud ne, wurin 'yan ga-ni-kashe-ni. Kowa da lemo da baƙi da kore, ni kaɗai da ja da fari, kamar zakara a taron agwagi. Wani dattijo ya taɓa ƙyallena ya ce, "Padova?" Na ɗauka sha'awa ya ba shi, yana tambayar inda ake sayarwa. Na washe baki na ce, "Si, Padova!" har na nuna masa farashi da yatsu.

Jama'a, layi uku suka juyo. Mai ganga ma sai da ya dakata. A nan na tuna hirar da Yaya ya taɓa yi mini, cewa Venezia da Padova, mai launin ja da fari, ba sa ga maciji. Na zaro koren fasfo na ɗaga sama ina faɗin "Nijeriya! Nijeriya!" kamar mai roƙon mafaka. Dattijon ya dube ni, ya dubi fasfo, ya fashe da dariya. Ya kwance ƙyallen, ya cusa mini shi cikin riga, ya naɗa mini nasa. Daga nan ya ɗauke ni ɗalibi: da yatsu da guntun Turanci ya sanar da ni sun ci kofin Italiya a 1941 da ɗan wasansu Valentino Mazzola, kuma launin lemon nan daga ƙungiyar Mestre ya zo, da aka haɗe ƙungiyoyin biyu a 1987. Waƙarsu ta gagare ni, sai na riƙa cusa "Sai masu gida!" a inda amo ya dace. Ƙwallo ɗaya aka ci a wasan, ita ma ban gani ba, wata ƙatuwar tuta ta lulluɓe ni.

Da aka tashi na rantse a ƙafa zan koma. Ana iya yi, garin a haɗe yake da gadoji. Awa biyu ina hawa ina sauka, lungu ya kai ni lungu, sau uku ina wuce shagon gilasai guda. Lungun ƙarshe ya miƙe sambal, na bi shi da ƙarfin gwiwa, ya dire ni a bakin ruwa, gaban wata tasha mai lilo.

Na kira Yaya. Ya ce, "Me aka rubuta a jikin jirgin da ke tahowa?"

Na ce, "Lamba 1."

Ya ce, "To, bisimilla. Ka dai bar ido ɗaya a buɗe."