Ka roƙi Firdausi, sannan ka yawaita sujada

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, ana jefo ƙwallo mutum ya make ta da kulki. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30: guda 29 a cikin Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. Wasu iyalai a can kan ƙudurta cewa sai sun taka filayen nan 30 kaf, uba da uwa da yara. Daga Seattle zuwa Miami kaɗai ya haura kilomita 4,000, don haka ba a gamawa a hutu ɗaya. Bana a je Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe tun 1912, baɗi a sake tara kuɗi a nufi Wrigley Field na Shikago. Wani yaron ana fara tafiyar yana goye, ba a rufe lissafin ba sai ya yi gemu.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Saboda wasa fa ake wannan juriyar! To mu da aka yi wa alkawarin Aljanna, wane buri gidanmu ya taru a kansa?

Annabi (SAW) bai koya mana ƙaramar himma ba. Ya ce idan za mu roƙi Allah mu roƙe Shi Firdausi, domin ita ce mafi ɗaukakar Aljanna. Ku dubi Rabi'atu ɗan Ka'ab Al-Aslami, mai kawo masa ruwan alwala da dare. Ran nan Annabi ya ce masa: roƙi abin da kake so. Talaka ne, da ya ce raƙumi ko gida ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ce: ina roƙon zama tare da kai a Aljanna. Aka ce ko wani abu dabam? Ya ce shi ke nan. Amsar da aka ba shi ita ce wurin da nake so mu daɗe muna tunani: to ka taimake ni a kan kanka da yawan sujada. Ba a ce ya yi zari ba. An karɓi burin, aka nuna masa aikin da zai riƙa yi kullum.

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Muna son hadda, muna son Hajji, amma "in Allah Ya yarda" ta zame mana wurin ɓuya, babu rana, babu asusu. Mus'hafin Madina shafi 604 ne. Wanda ya riƙe shafi ɗaya duk kwana 3, yana bita, cikin kusan shekara 5 ya haɗa izu 60. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Yau bayan Isha'i tara uwargida da yara, ku zaɓi abu ɗaya babba don Allah, ku rubuta shi a takarda ku manna a bango, ku sa ranar farawa. Ƙaramin cikinsu ma a ba shi surar da zai kawo ranar Juma'a.

Allah Ya ɗaukaka himmarmu, Ya haɗa mu da Manzonsa a Firdausi.