Mun kafa allo, saura me?

To, an kafa allon sunayen 'yan ajinmu a tsohuwar jami'armu. Tun daren jiya nake ganin hotuna, kowa ya tsaya a gefensa yana nuna sunansa da yatsa kamar wanda ya gano rijiyar mai. Barkanmu da arziki, 'yan ajinmu. Tarihi ba zai manta da mu ba, tunda mun sassaƙa shi a dutse da kuɗinmu.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne saƙon yarinyar nan. Kun san wadda nake nufi, shugabar ɗaliban da ke koyar da yaran unguwar bayan katangar jami'a duk ranar Asabar. Ta shigo zaurenmu na WhatsApp da ladabinta, ta ce suna neman littattafan karatu da alli, kuma in da hali mutum biyu ko uku daga cikin yayyensu su riƙa leƙowa sau ɗaya a wata su zauna da yaran. Zaure ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mutum ɗaya ne ya daure ya tura mata alamar babban yatsa. Bayan kwana biyu aka kawo maganar allo, kafin a kwanta barci kuɗi sun cika har da ragowa, aka koma gardamar launin rubutu.

Ashe muna da kuɗi. Ashe muna da lokaci ma, don awa nawa aka kwashe ana musu kan sunan wa zai zo a sama?

Na san abin da za a ce. Wai aikin hukumar jami'a ne. Allon ma ai ba aikinmu ba ne, wa ya aike mu? Wai ba kowa ke da hali ba. Yarinyar nan awa biyu ta roƙa a wata, awa biyun da muke ɓatawa a zauren muna tura hotunan bikin yaye mu ana "Allah sarki, duniya". Masu cewa allon zai zaburar da na baya kuwa, don Allah ku nuna min ɗalibi ɗaya da ya taɓa cin jarrabawa saboda ya karanta sunan wani a bakin ƙofa.

Tunda muna son kwatanta kanmu da manyan jami'o'in duniya, mu kwatanta da kyau. Attajirin nan Michael Bloomberg ya gama jami'ar Johns Hopkins a Amurka a 1964, shekara ta zagayo ya ba ta gudummawar dala 5. Dala biyar kacal. Bai daina ba, har a 2018 ya ba ta dala biliyan 1.8 don ɗaliban da ba su da halin biyan kuɗin karatu. E, sunansa na jikin gini a can, kada wani ya yi saurin tuna min. Amma aikin ne ya riga sunan zuwa da shekaru masu yawa. Mu kuwa mun tura suna gaba, aiki ko takalmi bai sa ba.

Wanda ya ce shi ba attajiri ba ne, ga nasa. A 1884 aka buɗe Toynbee Hall a unguwar talakawa ta gabashin Landan. Waɗanda suka gama Oxford da Cambridge ne ke zuwa su tare a gidan, su zauna cikin mutanen unguwa, suna koyar da su darasin yamma. Clement Attlee ya yi aiki a wurin yana saurayi, kafin ya zama firaministan Birtaniya a 1945. Abin da suka bayar kenan, ƙafarsu da lokacinsu. Shi ne daidai abin da ƙannenmu ke yi a bayan katanga ba tare da kowa ya ɗauke su hoto ba, shi ne kuma muka kasa taya su.

Kafin wani ya tambaye ni "kai me ka yi", bari in faɗa da bakina: ni ma shiru na yi. Na karanta saƙon, na ce zan amsa anjima, anjimar ba ta zo ba. Kuɗin allo kuwa ina cikin na farko da suka tura. Kunyar wannan ce ta hana ni barci. Duk wanda ya yi zaman jami'a ya san akwai wanda ya riƙe shi, ko ɗan aji na gaba da ya bar masa littattafansa, ko wanda ya zaunar da shi daren jarrabawa ya warware masa darasin da ya gagare shi, ko wanda ya raba gado da shi lokacin da bai samu ɗaki ba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya nemi a rubuta sunansa a ko'ina. Na kira yarinyar da safen nan, na ce ta sa ni a jerin Asabar mai zuwa. Ta yi ta godiya har na rasa inda zan sa kaina.

Allon dai yana nan, ba inda zai je, ku je ku ƙara ɗaukar hoto.

Af, wai wa ya ba da izinin sare bishiyar nan ta gaban laburare? A hoton jiya na lura babu ita, sai wurin ajiye motoci. A ƙarƙashinta na yi karatun duk jarrabawar shekarar ƙarshe, kuma har yau ina bin wani a zauren nan bashin littafin da ya ara a gindinta. Ya san kansa.